Inda Babur ɗin Malam Gwadabe Ya Tafi

Gusau, 4 ga Janairu, 1999

Ƙanena Badaru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da zafin Jidda. Bayan haka, autata Saudatu ta nace sai wannan karatun naka mai suna kamar ciwo, Antaropoloji. Babanta, Malam Gwadabe, na son ta yi aikin jinya. Sun yi kwana tara ba wanda ya kalli wani. Jiya ya ce a tambaye ka, abin da ka faɗa shi za a cika a fom ɗin shiga jami'a. Ƙarshen Fabrairu ake rufewa. Don Allah ka hana ta.

Yayarka, Tani

Sharafiyya, Jidda, 19 ga Janairu

Saudatu 'yata,

Na gaishe ki, ki gaishe da Yaya da Malam Gwadabe. Ba zan ɓoye miki komai ba. Shekara uku na yi ina nazarin al'adun ɗan'adam da bashin ɗalibai, naira dubu ɗaya da ɗari biyar, babanki ya sa mini hannu. Na rubuta kundi shafi ɗari biyu a kan tsagar fuska. Na yi shekara shida ina yawo da takardu, kowane ofis sai an tambaye ni, "To, me za ka yi mana da shi?"

Yanzu kayan alhazai nake aunawa a shagon kago, inda ake aika kaya gida ta jirgi. Riyal ɗari tara a wata, kafili, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya cire na iƙama, takardar izinin zama. Musbahu da muka shiga jami'a rana ɗaya ya karanci akanta, gidansa uku a Kaduna. Bashin nan har yau yana wuyana, shi ya sa ba na iya zuwa in haɗa ido da babanki. Ki auna da kanki.

Kawunki, Badaru

Gusau, 2 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Na karanta har sau huɗu, ban ga inda ka ce kar in yi ba. Kundinka yana akwatin Inna, gara ta ci bangon, ni na cinye sauran tun ina aji uku.

Kawu, ba a bin ka bashi. Tun 1986 da takardar gargaɗi ta zo, Baba ya sayar da babur ɗinsa ya biya, ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba. Ni ban yi alkawari ba, shekarata biyar lokacin. Tambayata ɗaya ce: a shekarun nan duka, bai taɓa yi maka rana ba, ko sau ɗaya?

'Yarka ta kanka, Saudatu

Sharafiyya, 14 ga Fabrairu

Yaya Tani, Saudatu, da kai Malam Gwadabe, don na san kana tsaye ana karanta maka,

Assalamu alaikum. Shekara goma sha uku kana taka sayyada zuwa makaranta ina nan ina jin haushin duniya. Ban san me zan ce maka ba. Allah ya saka da alheri.

Saudatu, sau ɗaya ya yi. Bara waccan aka tsinci wata tsohuwa a unguwar Bani Malik, hankalinta ya gushe, ba fasfo, ba suna. Irin waɗanda suka zo umara suka yaga takardunsu ne. Wata Zakiya, haifaffiyar nan, ta ajiye ta wata biyar. Da za a kwashe marasa takarda Zakiya ta zo shagonmu tana cewa, "Yalla ya ammi, taso kawu, an ce kai kana karanta fuska."

Na je. Tsagar Gobirawa ce, shida da bakwai, wannan kowa ya gani. Amma a gefen kunnen hagu akwai 'yar ƙugiya, hannun wasu wanzamai ne na wani ƙauye bayan Isa. Na zauna da su mako biyu ina ɗalibi. Na ambaci sunan ƙauyen, sai tsohuwar ta ɗago ta ce, "Ruwa ya sauka?" Mun rubuta wa mai garin. Ɗanta ya zo da hajjin bara ya tafi da ita. Dela sunanta.

Ladana kwalin dabino ne, rabinsa ya yi tsutsa. Ban janye ko kalma ɗaya daga wasiƙar farko ba, karatun nan ba ya ciyarwa. Amma ba zan ce kar ta yi ba. Sharaɗina ɗaya: ba za ta ci bashi ba, ba wanda zai sake sa hannu. Ni zan biya, ga riyal dubu biyu a hannun mai kawo wannan. Halas, magana ta ƙare.

Naku, Badaru

Gusau, 25 ga Fabrairu

Badaru,

Mun gode, saƙo ya iso. Malam ya cika fom da hannunsa, sai da ya tambayi yarinyar yadda ake rubuta sunan abin. Ya ce in gaya maka ka zo gida da Sallah, kuma yanzu ya san inda babur ɗinsa ya tafi: tsohuwa ya ɗauko daga Jidda ya kai ta Isa.

Yayarka, Tani