Kiɗan Hannun Hagu

Vienna, 9 ga Disamba, 1809

Zuwa ga Ottilie, sanyin idanuna, inuwar da na saba zama a ƙarƙashinta har na manta akwai rana, farar kurciyar da ta tashi ta bar mini sheƙa da iska! Ina gaishe ki da hannun da ya gaji, da zuciyar da ta fi shi gajiya. Yaya sanyin Pest? Yaya ƙirjin Baba, tarin ya lafa kuwa?

Jiya aka miƙo mini ƙunshi daga gare ki. Na ɗauka amsa ce, na yi maza na kwance zaren. Sai ga takardun kiɗan da na aiko miki, a naɗe yadda na naɗe su, zoben alkawarinmu ɗaure a gefe, da layi ɗaya tak na rubutunki: "Ka kai wa wanda ka rubuta sunansa a kai." Wayyo Ottilie! Wata bakwai ina jiran alƙalaminki kamar yadda ƙasa ke jiran narkewar ƙanƙara, ashe abin da zai zo ke nan?

Na san Uwargida Hutterer ta bene na biyu ce ta rubuto miki cewa ina yi wa wani hafsan Faransa kiɗa duk Lahadi. Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai ta leƙa ta ramin makulli ne, ta ga rabin ɗaki. Ki yi haƙuri ki ji sauran, ko da shi ne karatun ƙarshe da za ki yi wa rubutuna.

Kina tuna Lahadin nan kafin ku tashi, a shagon Baba, ƙamshin katako da danƙo ya cika ko'ina? Mun zauna mu biyu a kan sabon fiyanon da ya gama haɗawa, ke a dama ni a hagu. Na yi kuskure sau uku a wuri ɗaya, kika buge mini hannu kika ce, "Malam Ambros, kai ka rubuta kiɗan, ni kuma zan koya maka shi? Janye gwiwar hannunka, nan gidan ubana ne!" Wanki Kilian yana can ƙurya yana ɗaure tsirkiya, yana fito irin nasa, ya ɗago ya ce, "Don Allah ki aure shi da wuri, ko mu huta da wannan ɓarin kwanoni." Kika yi dariya har haƙoranki suka haska kamar furen tuffa a farkon ɗumi. Da na san dariyar ƙarshe ce a shagon nan, da ban ƙifta ido ba.

Bayan kwana biyar kuka tafi ke da Baba, Kilian ya bi rundunar 'yan sa-kai, igwa ta yi magana, Faransawa suka shigo gari. Manyan da nake koya wa 'ya'yansu kiɗa duk suka gudu. Na rufe fiyanona na ɗora masa bargo. A ƙarshen Mayu aka sauke wani Kyaftin Rouvel a ɗakin da ke samana. Ya baro hannunsa na dama a yaƙin da aka yi a hayin kogi, don haka aka ba shi aikin sa hannu a takardun izinin tafiya, da hagu, rubutu kamar tafiyar kaza. Mako shida muna haɗuwa a matakala, ban taɓa ce masa sannu ba.

Sai Yuli ta zo. Kwana biyu ana gwabzawa a filayen alkama na hayin kogi, mutanen garinmu kuwa suna hawa rufin gidaje suna kallo kamar ana biki. Da aka fara shigo da masu rauni a amalanke, wani abokin Kilian ya gane ni, ya riƙe mini riga ya ce wanki ya faɗi kusa da wani rafi, gefen gidan niƙa. Ba mai ƙetare gada sai da takarda. Na hau matakalar nan, Ottilie, kowane taku kamar ina haɗiye garwashi. Kyaftin ya saurare ni, ya ce da gurgun harshenmu, "Kai ne makaɗin ƙasa? Tun da na zo ka rufe fiyano kamar kabari. Zan ba ka takarda. Kai kuma ka buɗe shi, Lahadi huɗu."

Kwana uku na yi a filin nan. Ba zan faɗa miki abin da rana da wuta suka yi wa mutane a cikin alkamar da ta ƙone ba. Idanunki da suke sa taurari kunya ba za su karanta wannan daga hannuna ba. Na gane Kilian ne da makullin ɗaure tsirkiya da ke aljihunsa, mai harufan Baba a jiki. Ni da wani tsohon manomi muka haƙa masa a gindin bishiyar bakin rafi, mai rassa a zube kamar gashin mace mai makoki. Sannan na dawo na rubuto muku ƙarya, na ce limamin coci ne ya binne shi cikin mutunci, da ƙararrawa da komai. Na ji tsoron ƙirjin Baba. Ki yafe mini wannan.

Da nan labarin ya tsaya, da na fito fari fat, har ki ce mini sannu. Amma ba zan saye ki da rabin gaskiya ba. Lahadi huɗu suka cika, ban daina ba. Ba wanda ya tilasta mini. Na ci gaba har Nuwamba.

Don me? Na tambayi kaina har na gaji da muryata. Gari ya cika da yunwa da tsoro, burodi ya koma rabi ƙaiƙayi, ba mai kunnen jin kiɗa, ke kuma kina can bayan tsaunuka. Mutumin nan kuwa yana ji. Ashe kafin a sa masa kaki makaɗi ne a garinsu. Yakan zauna da hannun rigarsa a naɗe, yatsun hagunsa suna tafiya a kan gwiwarsa, suna bin abin da nake bugawa. Ran nan ya ce, "Malam, duk abin da kuke rubutawa na masu hannu biyu ne. Mu fa?" Na ce masa ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ce, "To, ka yi mini bukka daidai hannuna."

Mako shida na yi a kai. Na ɗaure damata a baya da gyale don kada ta yi mini shisshigi. Babban yatsa ya ɗauki waƙar, sauran huɗun su yi masa shimfiɗa. Kin san waƙar da ta zo? Fiton Kilian. Na kore shi ya dawo, na canza masa hanya ya ɓullo ta wata, har na sallama. Da kin buɗe shafi na biyu da kin gane shi kafin ki kai ƙarshen layi.

Ranar da na kai wa Kyaftin na gaya masa ko fiton wane ne. Ya tambayi inda Kilian yake a yaƙin Mayu. Na faɗa masa sunan ƙauyen. Ya ce, "Nan na bar hannuna. Wataƙila shi ya ɗauke shi. Mutanena kuma suka ɗauke masa rai. Buɗe mini shafin farko." Ya buga, yana tuntuɓe yana tashi kamar mai koyon tafiya bayan doguwar jinya, har ya kai ƙarshe, zufa na zuba a wannan sanyin. Bayan kwana uku rundunarsu ta fita, ya bi su. Ban san ko yana raye ba.

Yanzu ga ni. Matar mai burodi ba ta amsa gaisuwata. An tofa mini yawu a ƙofa sau biyu. Manyan sun dawo, sun nemo wa 'ya'yansu wani malami. Mai buga takardun kiɗa ya juya shafukan ya ce, "Malam Ambros, kai ma dai! Kankare sunan Bafaranshen nan, ka sa na wani janar namu, ka ƙara hannun dama da ɗan rugugin igwa, gobe in buga. Abin da ake so ke nan yanzu." Haka ne kuwa. Kowa na rubuta taken nasara, mu da aka ci da yaƙi! Na naɗe abina na fito. Wani lokaci nakan yi tunanin wata yarinya bayan shekara ɗari, malaminta ya ajiye mata wannan kiɗa, ta ce wane irin rago ne ya manta da hannun dama. Wa zai gaya mata alkamar da ta ƙone? Wa zai gaya mata sunan mai fiton?

Na gaji, Ottilie. Na gaji kamar dokin amalanken da ya yini yana jan gawa. Zagin gari ban damu da shi ba, yawu ruwa ke wanke shi. Shirunki ne ke cina kamar gara a cikin katako: waje lafiya, ciki gari. Ke ce kogin da nake gangarowa gare shi, in kin juya baya ina ruwa zai nufa? Wa zai buge mini hannu in na yi kuskure? Wa zan rubuta wa ɓangaren dama?

Ga kuma maganar da ta fi mini nauyi: ba zan kankare sunansa ba, ko don ke. Da takardarsa na samu na rufe wa wanki fuska da ƙasa, kuma dominsa aka yi kiɗan. In na goge shi don ki dawo, to maƙaryaci za ki aura, kuma za ki gane, don kunnenki bai taɓa barin kuskure ya wuce ba. Ba na roƙon ki so mutumin nan. Ba na roƙon ki daina fushi. Fushinki na Kilian ne, kuma ya cancanta. Abin da nake roƙo ɗaya ne: kada ki yanke mini hukunci ta bakin Uwargida Hutterer. Ki yanke shi kina kallon fuskata.

Bayan Kirsimeti da kwana biyu zan hau keken dokin wasiƙu zuwa Pest. Zan durƙusa gaban Baba in gaya masa gaskiya da bakina, in ba shi makullin ɗansa da zanen hanyar da ke kaiwa ga bishiyar. In ƙanƙara ta narke, ni zan kai ku, ko kin aure ni ko ba ki aure ni ba. In kin fito zaure, na gode wa Allah. In kin zauna a ciki, ba zan ƙwanƙwasa sau biyu ba. Zan koma in tsufa da sunanki a bakina, ba tare da na kira wata da shi ba.

Naki tun kafin yaƙi, naki bayansa, naki har ranar da wani zai haƙa mini nawa,

Ambros Leitgeb