Motar Malam Ta Daina Yoyo

Fatakwal, 9 ga Maris, 2005

Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da su Rahama. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ina cin abinci, kada ta damu. Yau kwanana hamsin cikin takaba, ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Ka san Fijon maigidana Malam Babayo, Allah ya ji ƙansa, tana yoyon baƙin mai. Ya sayo sabuwar robar da ke tare man, ya ce ranar Asabar zai sa da kansa a tsakar gida. Ranar Alhamis ya rasu. Na kulle motar, na ajiye makulli da sabuwar robar cikin ledarta a akwatina, tunda kayan gado ne. Kullum da safe nakan juye kwanon da ke tarar man a ƙarƙashin motar.

Shekaranjiya na tarar da kwanon a bushe. Maƙwabcinmu bakanike ya duba, ya aiko matarsa ta ce mini injin cike yake da mai, wai wa ya canja robar, aiki ya yi kyau. Na buɗe akwati. Tsohuwar robar ce a ledar, jiƙe da mai, har ta ɓata mini mayafi.

Don Allah ka tambayar mini malamai ko ya halatta in ƙarasa takaba a gida Azare, ka zo da wuri. Yaya, Malam ba ya gyara mota sai zai yi doguwar tafiya, kuma bai taɓa tafiya ya bar ni ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zuliha