Igiyar Inji

Rimawa, Goronyo
9 ga Janairu, 2022

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya, ina gaida maiɗakina Uwaliya da yara. Allah shi saka maka da riƙon iyalina da kake yi.

Ga labarin kafaɗa. Yau wata huɗu da faɗuwata kan babur. Dunƙulen ƙarfen nan da ka aiko mani, mai mariƙi irin na buta, ban tsallake shi ko rana ɗaya ba. Ina ɗaga shi bisa kai sannu-sannu, in sauke, yadda ka koya mani. Na duba littafina: ranar farko sau biyu da ƙyar, jiya sau goma sha ɗaya kowane hannu. Buhun taki ma ina ɗauka.

Amma injin ban ruwa ya ƙi ni. In na ja igiya, sai ta biyo ni har ƙarshe, inji ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Yusha'u maƙwabcin gonarmu, da bai kai ni jiki ba, shi ke zuwa ya fizga sau ɗaya ya tashi. To, ƙarshen watan ga zai bi iyalinsa Sakkwato. Tun harin da anka kai bara mutanen gefenmu sunka watse, saura ni da shi. Albasa kuwa in ta kwana uku ba ruwa, ta kwanta. In ta mutu, ba ni da hujjar zama gonar Baba.

Mi nake yi ba daidai ba? Ko dai shekaru ne?

Ƙanenka,
Gidaɗo

Wurno
12 ga Janairu

Gidaɗo, akawun kansa,

Wa alaikumus salam. Kowa lahiya. Shekara arba'in da ɗaya ce tsuhwa? Ni da nash shekara ashirin ina koya ma ɗiyan mutane motsa jiki makaranta, in ce mi?

Ƙarhi iri biyu ne. Akwai na ɗauka, akwai na hizga. Kai na raƙumi ka tara, inji ko na akuya mai tunkuyi shika so. Rage ɗagawar nan, ka ƙara lilo. Buɗe ƙahwahu, riƙe ƙarhen da hannu biyu, tura shi baya tsakanin cinyoyi, ka miƙe ƙugu da sauri shi tashi da kainai har ƙirji. Hannu igiya ne kawai. Goma, ka huta, har zagaye biyar, kwana uku cikin mako. In ya zauna, koma hannu guda. In ba ka gane ba, tahi ƙasan dam ka ga masunta suna jehwa birgi, komar kamun kihi.

In kuma ta ƙiya, ɗakin zaure na nan share.

Yayanka,
Halliru

Rimawa
23 ga Janairu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Zan faɗa maka gaskiya ko za ka yi dariya.

Na fara lilon cikin ɗaki, ƙofa rufe. Na ji kunyar a hango ɗan Malam Siddiƙu, mai furfura a gemu, yana wasa da ƙarfe tsakar gida, ko da yake ban san wa ya rage da zai hango ni ba. Rana ta uku hannu ya yi gumi, ƙarfen ya kuɓuce, ya fasa randar Uwaliya. Ruwa ya jiƙa tabarma da buhun gero. Na tsaya ina kallon ɓaraguzan randar, ba wanda zai yi mani faɗa. Kada ka gaya mata tukuna.

Washegari na tafi ƙasan dam. Na tarar da wani tsoho, Lawwali, yana jefa birgi. Na daɗe tsaye, sai ya ce, "Malam, kihi kaka so ko kallo? Kallo ya hi tsada." Na yi masa bayani, har na kwatanta masa da dutse. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai lallashin abin kakai kamar amarya. Ka riƙe, ka riƙe, ba ka son saki. Duba nan." Ya murɗa ƙugu, birgin ya buɗe bisa ruwa, hannunsa ko kamar bai motsa ba.

Tun ranar a waje nake yi, gindin darbejiya. Bayana ya daina ciwo. Jiya inji ya yi tari uku. Ban sani ba ko ci gaba ne, ko man da na sake ne. Yusha'u ya ɗaure kayansa, Juma'a zai tafi.

Akwai abin da ke damuna. Na koma baya cikin littafina, na ga ranar 14 ga Nuwamba na gaya maka maganar inji, ranar da na zo Wurno. Ka ce in ci gaba da ɗagawa sannu-sannu. Ka san da lilon nan tun lokacin? Ko ni ne ban ji da kyau ba? Yana yiwuwa ni ne.

Gidaɗo

Wurno
25 ga Janairu

Gidaɗo,

Ka ji da kyau. Na sani tun ranar, kuma kahwaɗarka ta isa ɗauka tun ranar. Na yi shiru da gangan. Na ce bari inji shi gajiyar da kai, ka tattaro ka taho. Da nig ga takardarka ta hwarko, nig ga ka hwara zargin jikinka, sai na kasa.

Kowace sahiya ɗiyarka Fatima tana zama bakin titi tana duban motocin Goronyo. In waya ta yi ƙara, Uwaliya sai ta dahe ƙirji kahin ta ɗauka. Ni ma Baba ya haihe ni, na san darajar gonar ga. Amma albasa ana sake shuka ta.

Ka yahe mani wata biyun da na ci maka. Ɗaki na nan.

Yayanka

Rimawa
31 ga Janairu

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Na yafe, ba komi.

Yusha'u ya tafi Juma'a. Asabar na ja sau tara, bai tashi ba. Lahadi ganye ya fara lanƙwasa. Yau da hantsi na dafa inji da ƙafa, na saki kafaɗa, na murɗa ƙugu. Ja na biyu ya kama.

Na yi kabbara da ƙarfi, na waiga dama da hagu. Gonaki bakwai, ba kowa. Na bi ruwan da fartanya ina buɗe masa fangali ɗaya-ɗaya har azahar.

Ka ce wa Uwaliya albasa ta sha. Fatima kuma ta daina zaman titi, sai an cire albasa cikin Maris zan zo.

Ƙanenka,
Gidaɗo