Fassarar fim za ta raba min iyaye

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san duk wanda ya ji abin da ya kawo ni zai yi dariya, ni ma da wata ce ta ba ni labarin sai in ce ta rasa abin yi. Iyayena ne, tsofaffi biyu da suka aurar da mu duka har suka goyi jikoki, yau ba sa ga maciji da juna a kan fim. Fim dai, Anti, na talabijin.

Baba a maɗaba'a ya yi aiki har ya yi ritaya, kullum cikin ƙarar injina. Mutum ne mai son karatu, ko kwalin magani ka miƙa masa sai ya karance shi har ƙasa. Mama ba ta yi boko ba, amma in ana maganar kai da iya zance, ko Baban bai kama ƙafarta ba. Tun muna yara abin da ke zaunar da su wuri ɗaya da yamma shi ne finafinan ƙasashen waje. Baba yana karanta rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasan allo yana juya mata da Hausa, ita kuma tana yanke wa 'yan fim hukunci tun kafin su buɗe baki. Da ta ga mutum da siririn gashin baki za ta ce wannan munafuki ne, ku sa ido. Kuma wallahi yawanci sai ya zama munafukin.

Da aka fara kawo waɗanda aka yi wa fassara da murya, Mama ta ce ta huta da jiran tafinta. Tana son yadda mutum ɗaya ke yin muryar kowa, har ta mata da ta jarirai, tana son barkwancin da yake cusawa. Baba kuwa cewa yake mai fassarar nan maƙaryaci ne, jarumi ya motsa baki sau ɗaya shi ya yi ta zuba kamar kanya, kuma ya mai da wurin kuka wurin dariya. Amma duk cikin raha ne. Yana ƙorafi yana kallo, har ya fi ta son jin yadda za a ƙare.

Sai kunnen Baba ya fara ja baya. Da farko ƙara sauti yake yi, har gilashin taga yana rawa, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Duk da haka bini-bini sai ya juya ya ce me ya ce, me ta ce. Ga shi bakin 'yan fim ɗin daban, maganar mai fassara daban, balle ya kama wani abu daga leɓensu. Mama ta amsa, ta amsa, har ta gaji ta fara yin kamar ba ta ji ba. Shi kuma sai ya koma neman masu rubutu a ƙasa, don su kaɗai yake iya bi. In ya ce zai fassara mata kamar da, tunda ba ya jin muryar kansa sai ya yi ta ɗaga murya, ta ce tsawa yake mata.

Ranar da abin ya ɓaci ina wurin, matar Yaya ma ta zo gaisuwa. Ana tsakiyar wani fim mai dogon zango da Mama ke bi, Baba ya ɗauki rimot ya canja zuwa mai rubutu. Mama ta ce Malam, ai ka san ba na ganewa. Sai ya ce, da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi: “Wannan fassarar ai ta waɗanda ko bihim ba su sani ba ce.” Mama ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce a hankali, “Gara ni da kurma.” Ta ɗauka ba zai ji ba, kuma bai ji ɗin ba, amma bakinta yake kallo.

Yaya, da yake shi komai a wurinsa da saye ake gyara shi, ya kawo talabijin ta biyu ya kafa a ɗakin Mama. Tun daga nan gida ya mutu. Ni malamar firamare ce, in na tashi daga makaranta nakan biya kafin in wuce gidana. Sai in tarar da Baba a falo ya kashe sauti gaba ɗaya yana bin rubutu, Mama a ɗaki ta turo ƙofa, mai fassara yana ta barkwancinsa ba mai dariya. Abinci ta ajiye masa a tebur ta rufe ta koma. Na taɓa ganin an zo wani wuri a fim ɗinsa, ya juya zai yi magana, ya ga kujerarta ba kowa, ya mai da kansa. Sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Ba abin da ban gwada ba. Na je wurin mai tura mana finafinai na ce ya nemo min wanda ke da murya da rubutu a haɗe, ya ce shi dai a nasa ko wannan ko wancan. Na ce wa Baba mu je a duba kunnen, ya ce kunnensa ƙalau, mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki. Na roƙi Mama, ta ce in rabu da ita, ashe duk zaman nan kallon jahila yake mata, sai da ya bari surukarta na zaune ya faɗa. Ni kuma na rasa bayan wanda zan bi, don in na kalli wannan sai in ji tausayi, in na kalli wancan ma haka.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne Mama ta ce Yaya ya zo ƙarshen wata ya ɗauke ta, za ta je wurinsa ta sha iska. Amma na ga ta naɗe keken ɗinkinta cikin zani ta ɗaure, kuma wanda zai je shan iska ba ya tafiya da keke. Baba bai sani ba. A gabansa muka yi maganar, yana zaune yana kallon allo, bai ji komai ba. Anti, yaya zan yi?

'Yar tsakiya

*

'Yata, ban yi dariya ba. Gidaje da yawa a kan abin da bai kai wannan ba suka yi sanyi.

Ki fara cire fim daga cikin lissafi. Ni kaina ina kallon iri biyun. Mai fassara yakan ƙara gishirinsa har ya ɓata miya, rubutu kuma yakan ɗauke maka ido daga fuskar mai magana. Kowanne da nasa aibin, kuma ba a auna ilimin mutum da wanda ya zaɓa.

Mahaifinki ya yi kuskure, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Magana zarar bunu ce, kuma faɗinta a gaban suruka ya ƙara mata zafi. Amma mutumin da ya yi shekaru yana juya wa matarsa Turanci cikin raha ba raina ta yake ba. Ya ga abin da yake tinƙaho da shi yana kuɓuce masa, ya ji kunyar cewa ba na ji, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya kushe fim ɗin. Ita ma Mama ta soke shi a daidai inda yake ɓoyewa. Kowa ya ji ciwo, kowa kuma yana ganin nasa ne kaɗai ke zubar da jini.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Kada ki bari a ɗauke ta bai sani ba, wannan shi ne abin da ba zai gyaru ba. Ki same shi ku biyu, ki kashe talabijin, ki zauna inda haske ke kan fuskarki, ki gaya masa a hankali ba da ihu ba. Ki gaya masa har maganar keken. Kuma daga yau ku daina zance a gabansa kamar ba ya wurin, ko ba da gangan ba ne wulaƙanci ne.

Batun asibiti, ki bar ja-in-ja da shi a kan yana ji ko ba ya ji. Ki nemi wani tsohon abokin aikinsa da yake jin nauyinsa, wanda wataƙila shi ma injinan sun taɓa nasa kunnen, ya raka shi. Wani lokacin abin ƙarami ne da za a wanke, wani lokacin na'ura za a ba shi. Likita ne zai faɗa, ba ni ba.

Yayanki kuma ki gode masa, sannan ki ce ya jinkirta zuwan, ya kuma ɗauke talabijin ɗin nan ya kai wa 'ya'yansa. Gara rigima a falo ɗaya da shiru a ɗaki biyu. In sun dawo zama tare, a riƙa yi ana karɓa-karɓa. Ranar mai murya, Mama ta zauna ta gefen kunnensa mai dama-dama ta riƙa ba shi labari da bakinta, tunda kin ce ta fi kowa iya zance.

Ba zan yi miki alkawarin za su saurare ki ba. Tsofaffi ne, kuma fushin da aka daɗe ba a yi ba yakan yi nauyi. In Mama ta dage sai ta tafi, kada ki tare ƙofa, amma ki tabbatar ta tafi da sanin abin da ke faruwa. Ki zauna kusa da ita ki ce mata kunnen nan ba gardama ba ce, tafiya yake yi, kuma ba wanda ya san ko zai dawo. Abin da ya rage masa na ji kaɗan ne. Duk abin da take so ya ji daga bakinta, ko faɗa ne, ko gori ne, ta faɗa masa yanzu da sauran hanya.

Allah ya daidaita tsakaninsu, ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyar Mama, ke kuma ya saka miki da 'ya'yan da za su damu da ke kamar haka.