Yayen Sagir

Panshekara, Kano

Zuwa ga Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun sauka lafiya, amin.

Maƙwabciyata Hauwa ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki. Ba zan kira ki ba, don na san halinki, da na ɗauko faɗa sai ki ce "Umma, ba na ji," ki kashe waya.

Da kika kawo min Sagir yaye, cewa na yi ki nisance shi har ya manta da nono. Nisan da nake nufi daga gidanki na Sharaɗa zuwa nan ne. Ban ce ki ɗauki hutu a kamfani ki ja mijinki ku tafi Lakwaja kallon ruwa ba. In ruwa kike so, ga kogin Challawa nan a bayan gari. Mu a zamaninmu mai yaye ɗaki take shiga ta zauna da ciwon ƙirjinta tana istigfari. Amma dama tun ranar da kika ɗauki aikin kamfanin robar nan na san za a rina. Macen da ta saba cin abinci a bakin get cikin direbobi, me zai hana ta yawon buɗe ido? Ni dai ƙafata ba za ta taɓa taka ƙofar kamfani ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Maigidan nawa ya ƙi cin abinci. Tun da kuka tafi ruwa kawai yake kurɓa. Na dama kunun gyaɗa, ya ture. Na karɓo rubutun yaye wajen Malam Uba, ya sha ya fesar min a hijabi. Ku shida na yaye, da jikoki, ban taɓa ganin mai taurin kai irin wannan ba. Ba a wajena ya gado ba.

Kada ki ɗauka na gaza. Sanar da ke kawai nake yi.

Ki gai da mijinki. Allah Ya shirya.

Mahaifiyarki,
Rakiya

Lakwaja

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ya hidima da rigimar angonku? Zakariyya yana gaishe ku ƙwarai.

Umma, ku yi haƙuri. Wallahi ba don nishaɗi kaɗai na taho ba. Da ina Sharaɗa, ko ɗaure ni aka yi sai na hau adaidaita na zo na leƙa shi, yayen ya lalace. Shi ya sa baban Sagir ya ce mu yi nisan da ba zan iya ba.

Garin yana da abin gani. Mun hau dutsen Patti, daga sama ana hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Mun shiga kwalekwale har wajen, mai tuƙin yana nuna min yadda launin ruwan biyu ya bambanta. Mun ziyarci kaburburan sarakunanmu da Turawa suka kawo nan, mun yi musu addu'a. Amma ni ban ga komai da kyau ba. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, duk yaron da ya yi kuka a kasuwar kifi sai na waiwaya. Zakariyya har cewa ya yi, "Ke dai gangar jikinki na kawo, sauran yana Panshekara."

Game da abincin, ga yadda muka saba. Mai rainonsa tana kawo min shi bakin get lokacin hutun rana. Da an busa jiniya zan fito da shuɗiyar rigar aikina, na zauna a bencin mai shinkafa da wake, na buɗe kulata mu ci tare. Shi a saninsa abinci ba ya zuwa sai jiniya ta yi kuka. Ko ranar Lahadi sai babansa ya kwaikwayi kukanta da baki sannan yake buɗe nasa. Rigar da kular suna rataye a bayan ƙofar ɗakina, makulli yana wajen matar mai gidan da muke haya.

Don Allah ku gwada. Ku yafe min.

'Yarku,
Firdausi

Panshekara, Kano

Firdausi,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta, na kuma karantawa don na tabbatar idona bai yi min ƙarya ba.

Wato jikana ma'aikaci ne? Sai an busa masa ƙaho kamar leburan kamfani sannan zai ci abinci? Yaron Musulmi da bismillah ake buɗe masa baki. Wannan ita ce tarbiyyar da kuke yi a Sharaɗa? Kuma ni, da nake koyar da matan aure a Islamiyya, ni zan tsaya a tsakar gida ina kukan jiniya maƙwabta suna ji? Mijinki ya yi, shi ya ga zai iya.

Duk da haka, don kada ki ce na ƙi, na sa Hauwa ta gwada. Muryarta kamar ta akuyar da aka taka. Yaron ya dube ta ya fashe da kuka.

Yanzu ki saurara. Jiya jikinsa ya yi ɗumi, na kai shi asibitin unguwa. Malamar asibitin ta ce ba zazzaɓi ba ne, yunwa ce da kewa. Ta ce in bai ci komai ba zuwa gobe sai an ƙara masa ruwa. Idonsa ya faɗa. Ya daina ma yi min rashin kunya, sai ya kwanta a cinyata yana kallon ƙofa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, tuwon da na tuƙa ma ya ƙone.

Ki bar kallon ruwan nan ki dawo ki ba shi nono. Yaye ya lalace, a sake wani lokacin. Na san matan layinmu za su ce Hajiya Rakiya ta gaza, su faɗa. Bakinsu ba zai kashe ni ba.

Allah Ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarki

Lakwaja

Umma,

Assalamu alaikum. Na gani. Ku yi haƙuri da rubutun.

Mun je tasha, motar Kano ta yau ta riga ta tashi. Sai ta gobe da safe, mun kama wuri. Na haɗa kaya na kwance na sake haɗawa. Zakariyya ya ce mu je bakin kogi mu rage lokaci, na ce ko sunan kogin ba na son ji.

Ku riƙa ɗiga masa ruwa da cokali. Ku ce masa Mami tana hanya.

Firdausi

Panshekara, Kano

Firdausi,

Assalamu alaikum. Ku sauke kayanku. Kada ki dawo.

Ya ci.

Yau bayan saƙonki ya iso, da na ga rana tana ɗagawa bai motsa ba, na goya shi na hau adaidaita zuwa Sharaɗa. Na karɓi makulli na ɗauko kayan. Rigar taki ta matse ni, kuma tana buƙatar wanki, ki ji kunya. A kan hijabi na ɗora ta. Na je bakin get ɗin kamfaninku na zauna a bencin nan cikin direbobi da kula a hannu. Mai shinkafar ta ce, "Hajiya, sabuwar ɗauka ce?" Na miƙa mata kular ta zuba min shinkafa da wake.

Da jiniya ta yi kuka sai ya ɗago kai, ya dubi rigar, ya dubi fuskata, ya ga an yi masa canji. Ya yi tunani. Sannan ya buɗe baki. Ya cinye, har da wake, ya miƙa hannu kwanon wani direba.

In ya ga idonki yanzu aikina ya ɓaci. Ki zauna hutunki ya ƙare. Ki koma ki kalli ruwan da kyau, tunda an riga an je, ki turo wa Hauwa hoton inda suka haɗu ɗin ta nuna min. Ki taho da busasshen kifi saboda yaron.

Faɗana yana nan, sai kin dawo. Gobe ma da wuri zan fita, don mai shinkafar ta ce bencin cika yake yi.

Mahaifiyarki,
Rakiya