Waƙar da Anatol Bai Amsa Ba

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ni ce Ozeli, matar marigayi Polidor, wadda duk tsibirin Rodrig ke kira Tantin Zeli, zabiyar ƙauyen Rivyer Koko. Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi ni, numfashi kuma ya fara yi mini rowa, amma kaina lafiya lau, don haka kada wani ya ce tsohuwa ta ruɗe. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Anatol babba, Klodet mai bi masa, da auta Mirlen da ke aiki a tsibirin Moris. Mirlen, ke za ki karanta a tsakar gida, kowa na zaune. Wanda ya tashi kafin ki kai ƙarshe, ki dakata har ya dawo.

Na ɗaya. Ku binne ni kusa da ubanku, inda ake jin ƙarar teku. Masu zaman makoki a ba su tuwon masara da jan wake, da yajin lemun tsami na kwalaben da ke ƙarƙashin gadona. A buɗe su duka. Na san abin da ake faɗa a kaina game da kwalaben nan, za mu zo kansa.

Na biyu. Gida da itatuwan lemo da amyoyin zuma na Mirlen ne, don ta riƙa samun dalilin hawo jirgi ta dawo. Babbar tukunyar ƙarfe kuwa ba tamu ba ce, ta maƙwabciyarmu Elmir ce, tun bikin Klodet take nan. A mayar mata da wake a ciki, don ba a san mu da mayar da tukunya ba komai ba.

Na uku. Ƙarfena na sukar urit, dabbar teku da muke ci, na Klodet ne, ita ta gaji idona. Na uwata ne, da shi ta koya mini gane ramin mai hannu takwas ɗin nan ta ɓawon da yake tarawa a bakin ƙofarsa. Na je Moris, na ga benaye da fitilu, amma ban ga abin da ya kai wannan kyau ba: teku ta janye, mata a jere cikin ruwa iya gwiwa, kowacce da ƙarfenta, ana tsokanar juna daga nesa, da yamma kuma ga urit a shanye kan sanduna iska na kaɗa su. Da muka ga sun fara ƙanƙancewa, mu da kanmu muka yarda a rufe kamu na wasu watanni kowace shekara, su samu su girma. Klodet, ki riƙe wannan alkawari ko da tukunya ba ta hau wuta ba.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Tsibirin nan ƙarami ne, ba inda mutum zai je ya ɓoye wa maƙwabcinsa. Kakanninmu da aka kawo cikin sarƙa sun san haka, shi ya sa suka bar mana sega, waƙa da rawarmu ta gado. In wani ya ɓata maka, ba ka kai shi ƙara, sai ka sa shi a waƙa ran Asabar. A gasa fatar ganga a wuta har ta yi tsauri, zabiya ta ɗaga, 'yan amshi su karɓa, mai laifi ya sha dariya yana tsaye. Asabar mai zuwa ya zo da amsarsa ya rama son ransa, sannan su biyun su shiga fili su taka rawa tare, magana ta mutu. Da haka na samu ubanku. Na yi wa kunnuwansa waƙa, na ce da su kwalekwalensa ke tafiya in ba iska. Ya dawo ya ce ƙafafun Zeli in sun taka yashi, kunkuru na zuwa ya yi ƙwai a sawun. Na ji haushi ƙwarai, na kuma aure shi.

Anatol, ka san abin da ka yi. Ana tsakiyar rufe kamu ka shiga ruwa a ɓoye, ka shanya urit a bayan ɗakinka. Klodet ta gani. Da ta faɗa wa masu gadin teku, da yanzu wani zancen ake. Sai ta bi hanyar gidanmu, ta ɗaga murya ran Asabar, kai kuma kana riƙe mata ganga:

“Yayana ya yi wanki, ya shanya a bayan ɗaki,
wandon yayana ƙafa takwas gare shi.”

Har Fada na cocinmu sai da ya riƙe ciki. Kai kuwa ka kife gangar a ƙasa ana tsakiyar kiɗa, ka fice. Da na bi ka gida ka ce mini, “Mama, ƙanwata ta tsiraita ni a gaban mutane.” Na ce, “Ta rufa maka asiri dai, sakarai. Je ka shirya amsa.” Ba ka shirya ba. Tun ranar ba ka ƙara ce mata ko sannu ba, a coci ka sauya benci, 'ya'yanku suna haɗuwa a hanya kowa na kallon takalminsa. Wannan ya fi ciwon ƙirjin nan cin raina.

Ba ka lura ba cewa waƙar ta ƙi mutuwa? Yara na rera ta a mota, masunta na rera ta a bakin ruwa. Ba Klodet ke raya ta ba, shirunka ne. Duk waƙar da aka amsa, mako biyu an manta da ita. Ke ma Klodet, ba ki fita ba. An yi dariya, kin ji daɗi, kin ƙara baiti a kan matarsa Solanz, wadda ba ta taɓa riƙe ƙarfe ba balle ta shiga ruwa. Ki je ki ba ta haƙuri da baki, ba da waƙa ba.

Na biyar. Gangar ubanku fatarta ta yage. Itacenta na bar wa Anatol. Baƙin bunsurun da ke turke na bar wa Klodet, fatarsa ta isa ɗauri. Ban yarda a sayi wata fata ba, ban yarda a sassaƙa wani itace ba. Yadda za ku yi ku haɗa su, ku kuka sani.

Na shida. Anatol, na san ka, ba girman kai kaɗai ke damunka ba. Kana son Klodet tun kana goya ta zuwa bakin ruwa, bakinka ba zai iya zaginta a fili ba. To, na ba ka wata. In an gama kwanakin addu'ata, Asabar ta farko, ka tsaya a fili ka yi mini waƙa, ni uwarka. Kayan aiki ba su ƙare ba. Ka ce Tantin Zeli ta mutu a kan kwalaben yaji, a raye ko cokali ɗaya ba ta ba baƙo. Ka ce minsharinta na korar kifi daga gaɓa. Ƙafafun nan ma suna nan, ubanka bai gama da su ba. Kada ka tausaya mini, na yi wa rabin tsibirin nan abin da ya fi haka, za su zo da murna su yi maka amshi.

Ni dai ba zan iya tashi in rama ba. Kun kuma san ƙa'ida: wadda aka yi wa waƙa, in ba ta da bakin amsawa, 'yarta ke amsa mata. Klodet, kada ki bari a ci mutuncin uwarki a banza. Ki shirya masa mai zafi, ki tsaya gabansa ki dube shi cikin ido. In kin gama, ku shiga fili.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya cika tekunku, ya kawo ruwa kan masararku, ya sa jikokina su san kiɗan gidansu. Ku riƙe juna, ku uku ne kawai. Mirlen, ke za ki hura wutar gasa fata, kuma kada ki hau jirgi sai kin ga ƙafafunsu a fili ɗaya.

Uwarku,
Ozeli