Giyar Motar Alhaji Waliyyu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Alhaji Waliyyu ya jawo tsohuwar motar mahaifinsa ƙirar Bitil daga Aliero. Giyar da ke kan karanshaf, sandar da ke juyawa a cikin injin, ta zubar da haƙora biyu. Ya samo sabuwa, amma karanshaf ɗin kansa, in ya lalace, babu na canji. Ya ce duk Jega ni kaɗai ya yarda in taɓa ta. Na yi dariya. Bai san hannuna na dama wata goma ke nan yana rawa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Tsohuwar giyar ta fita da ƙyar. Sau biyu sifana na kuɓuce min. Na leƙa, babu wanda ya gani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Cirewa wasa ne a kan sakawa. Sabuwar sai an dafa ta a mai ta buɗe, a ɗauko da zafinta a zura ta miƙe, cikin numfashi uku. In ta karkace ta huce a rabi, ta kama ke nan, fitar da ita sai an ci wa karanshaf rauni. Na yi wannan aikin ya fi sau talatin. Yau tsoronsa nake ji, tsoro sosai.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Ban je gareji ba. Na ce zazzaɓi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na kawo injin gida don kada a gan ni. Na ari kaskon ƙosan matata Iklima, man ya yi zafi, na jefa giyar ciki, na ɗauki awartaki. Yana ta kaɗawa a bakin kaskon, kar-kar-kar. Na kasa.
Ta ce, "Malam, hannun ga naka tun bara nike ganin shi. Gwada min wurin."
Na ce wannan ba ƙosai ba ne. Ba ta kula ni ba, ta karɓe awartakin. Na nuna mata gefen da ke fuskantar ciki, na riƙe karanshaf a ƙirjina, na rufe ido. Sai na ji ƙas. Ta zauna daram.

Talata, 12 ga Nuwamba
Bugu ɗaya motar ta tashi. Gareji ya cika, Alhaji yana ta nuna ni yana faɗa wa mutane hannun Abdulmumin bai tsufa ba.
Na ji bakina ya ce, "Ba nawa na ba, Alhaji. Na Iklima na."
Ban san me ya kai ni ba. Ni dai daren nan na ci tuwo na ƙoshi.